Turancin Sana'a: Don Me Malamanmu Su Ke Ja Da Baya?

Wannan lacca an yi ta ne a gaban taron malaman makaranta da iyayen yara. Mun buga ta dukanta domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Mun san cikin zauren nan akwai waɗanda suka kama alli tun ba a haife mu ba, sabo da haka in harshe ya yi tuntuɓe a yafe mana. Mu ba malaman makaranta ba ne, aikin akawu mu ke yi. Amma mu ne zanen da kuka saƙa, an kai mu kasuwa, an ja mu an murza, mun ga inda zare ya riƙe da inda ya tsinke. Abin da muka gano shi muka kawo muku, ku da ke riƙe da masaƙa.

Maganarmu ta yau a kan Turanci ce, amma ba na gaisuwa ko na cin jarrabawa ba. Turancin da likita ya ke rubuta takardar majinyaci da shi mu ke nufi, da wanda injiniya ya ke karanta bayanin ginin gada da shi, da wanda lauya ya ke ɗaure yarjejeniya da shi, da wanda matuƙin jirgin sama ya ke magana da mutanen hasumiya da shi. Turawa suna da dogon sunan da su ke kiransa, mu dai bari mu ce masa Turancin sana'a. Tambayar kuwa ita ce, don me in an ce wa malamin Turanci ya koyar da shi sai ka ga ya ɓata fuska?

Kada wani ya zaci wannan baƙon abu ne. Ai ko wace sana'a da bakinta. Je ka karofin Ƙofar Mata a Kano, ka tsaya kusa da marina suna zancen baba da toka da katsi, ka ga ko za ka kama rabin abin da su ke nufi, alhali Hausa su ke yi, kai ma da Hausa aka yaye ka. Yaron da aka kai koyon ƙira ba a ba shi masaba sai ya san sunan kaya tukuna, domin in ƙarfe ya yi ja, maigida ya ce miƙo awartaki, shi kuwa ya tsaya raba ido, an yi hasarar gawayi ke nan. To, Turanci ma haka ya ke, yana da karofi yana da maƙera, kuma wanda ya iya na tsakar gida bai iya nasu ba.

Mu da bakinmu mun ɗanɗana. A makarantar mishan muka yi karatu, kuma ba ma raina abin da aka yi mana can. An koya mana nahawu har muka ƙoshi, mun karanta wasannin Shakespeare, mun ci jarrabawar Turanci da kyau. Muka fito muna taƙama, muna ji kamar Ingila ce kaɗai ba mu je ba. A makon farko na aiki aka ce mu zauna cikin wani taro mu rubuta rahotonsa. Muka zage damtse muka cika shafi huɗu, da manyan kalmomi, har da bayanin yadda hadari ya haɗu ran nan. Babban akawu ya karɓa, ya karanta, ya ɗauki jan biro ya soke kusan duka. Ya ce abu huɗu ya ke so: su wa suka zo, me aka yanke, wa zai yi, kuma yaushe. Abin da ya rage bai cika rabin shafi ba. Ran nan muka san shekara shida ta sakandare ba ta koya mana Turancin da za mu ci abinci da shi ba.

Da muka je hutu muka kai wa tsohon malaminmu gaisuwa, muka ba shi labari, muna tsammani zai ce kash. Sai ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ba Turanci ba ne, ɗana, aikin akawu ne." Mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa. Amma maganar nan tasa ita ce tushen laccar yau, gama mun sake jin irinta daga bakin malamai da yawa: wannan ba Turanci ba ne, aikin likita ne, wannan ba Turanci ba ne, aikin injiniya ne. In ba Turanci ba ne, to, wa zai koyar da shi?

Mu dai jan biro muka sha, abin ya tsaya nan. Akwai sana'o'in da ba a gyara kuskurensu da biro. Ran 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, hazo ya rufe ko'ina, manyan jirage biyu, ɗaya na Holan ɗaya na Amurka, suna kan hanyar tashi guda. Mataimakin matuƙin jirgin Holan ya faɗi wata magana ta rediyo wadda shi a nufinsa sun soma gudun tashi, mai hasumiya kuwa ya ɗauka suna tsaye ne suna jiran izni. Jirgin ya taho da gudu ya afka wa ɗan'uwansa. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi ɓarnar rai ba. Dalilan haɗarin suna da yawa, amma harshe yana cikinsu, har ya sa daga baya aka hana faɗin kalmar tashi ta rediyo sai lokacin ba da iznin tashin ko soke shi.

A watan Janairu na 1990 kuma wani jirgi daga Kolambiya ya iso New York, aka sa shi jira a sama fiye da sa'a guda sabo da munin yanayi. Matuƙan sun faɗa wa masu ba da hanya man su yana ƙarewa, sun nemi a sa su gaba, amma ba su furta kalmar nan guda da doka ta ajiye don shelar haɗari ba, wadda da an ji ta da an share musu hanya nan take. Mai ya ƙare, jirgi ya faɗi, mutum 73 suka rasu. Jama'a, mutanen nan sun iya Turanci. Da an ba su jarrabawar nahawu wataƙila da sun ci. Irin waɗannan ne suka sa ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO, ta kafa doka a 2003, ta soma aiki a 2008, cewa matuƙi da mai hasumiya da ke aikin jiragen ƙasa da ƙasa sai an gwada Turancinsu na aiki. Mataki shida ne, wanda bai kai na huɗu ba bai ci ba. 'Ya'yanmu da ke kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, dokar nan tana jiransu a bakin ƙofa.

Kada mu tsaya a sama, mu sauko asibiti, inda ko wannenmu ya ke zuwa. Likita ya rubuta wa mai ciwon sukari allura, ya sa lamba 4, ya bi ta da harafin U, watau ma'auni huɗu. Hannun likita kun san shi. Mai ba da magani ya ga U ɗin kamar sifiri, ya karanta 40. Wannan ya faru sau da yawa har hukumar da ke duba asibitocin Amurka ta sa harafin cikin jerin gajerun rubutun da ta hana a 2004. Ko kuwa a ce wa mutum gwajin jininsa ya fito "positive", shi da ya san kalmar a makaranta da ma'anar abu mai kyau, ya tafi gida yana murna, alhali cutar aka samu. Injiniya yana da "stress" da "strain", waɗanda a Turancin titi kusan duk wahala su ke nufi, amma a wurinsa na fari ƙarfin da ke danne ƙarfe ne, na biyu kuwa gwargwadon yadda ƙarfen ya miƙe ko ya motse. Lauya in ya ce "consideration" ba tunani ya ke nufi ba, abin da ko wane ɓangare ya bayar a madadin alkawarin ɗayan ya ke nufi, kuma in babu shi yarjejeniya ta yau da kullum ba ta ɗaure kowa. Malamin Turancin da bai san haka ba, ɗalibi zai rubuta daidai ya soke masa.

To, ina abin ya samo asali? Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, ciniki da ilmin kimiyya suka koma hannun Turanci, musamman sabo da ƙarfin Amurka. Sai ga mutane a ko'ina suna neman Turanci, ba don sha'awar waƙoƙin Ingila ba, sai don su karanta littafin inji ko na magani. Da kuɗin man fetur ya ƙaru a 1973, ƙasashen Larabawa suka shiga gina jami'o'i da masana'antu, suna gaggawa, bukatar ta ninka. Masana suka fara ƙirga. A 1962 wani Bature, Charles Barber, ya zauna ya ƙidaya irin jimlolin da ke cikin rubutun kimiyya, ya tarar sigar nan ta abin da a ke cikin yinsa yanzu, wadda a ke shafe watanni ana koya wa yara, da ƙyar a ke cin karo da ita a can. A Jami'ar Chile wasu malamai biyu, Ewer da Latorre, suka gwada littattafan makaranta da littattafan kimiyya, suka ga abubuwa da dama da kimiyya ta fi amfani da su littafin makaranta ya tsallake, suka fitar da nasu littafin a 1969. John Swales ya koyar da ɗaliban injiniya a Tarabulus ta Libiya, daga baya ya shugabanci sashen da ke koyar da irin wannan Turanci a Jami'ar Hartum daga 1973 zuwa 1978. Ku lura da wuraren nan. Ba a Landan aka fi jin zafin abin ba, a ƙasashe irin tamu aka ji shi, inda yaro ya ke tunani da harshe ɗaya ya ke karatu da wani.

Shi Ewer ɗin nan ya daɗe yana horon malamai, kuma cikin wahalolin da ya lissafa a 1983 har da halin malaman kansu. Yawancinsu ta hanyar adabi suka biyo, suna ƙin kimiyya ko suna jin tsoronta. Bayansa, a 1987, Hutchinson da Waters na Jami'ar Lancaster suka rubuta littafin da har gobe a ke karantawa a wannan fanni, su ma suka tsaya a kan abu guda: malamin bai zaɓi aikin ba, tura shi aka yi, kuma yana jin kansa baƙo a ciki. Tun kafin su duka, a 1959, C. P. Snow ya yi lacca a Kambirij yana kukan masu ilmin Ingila sun rabu gida biyu, 'yan adabi da 'yan kimiyya, ba mai jin maganar wani. Tsarin makarantarmu daga can muka gaje shi, har da wannan tsagar. Tun a sakandare a ke raba yara, waɗannan ajin kimiyya, waɗancan ajin adabi. Ba asiri ba ne cewa da yawa sun shiga ajin adabi ne gudun lissafi. Yaron ya girma, ya zama malamin Turanci, sa'an nan a turo shi gaban ɗaliban injiniya. Abin da ya gudu tun yana shekara goma sha biyar shi ya tarar yana jiransa a aji.

Tsoro ke nan, kuma ba mu ga laifin mai jin sa ba. A al'adarmu malami ba ya cewa ban sani ba. Tun muna yara mun saba malam shi ne mai sani, almajiri shi ne mai saurare. To, yi tunanin mutum mai shekara hamsin, mai digiri biyu, ya tsaya gaban yara 'yan shekara ashirin da suka fi shi sanin abin da ke cikin shafin da ya ke riƙe da shi. Yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye shi ma'anar wata kalma ta tiyata, aji ya yi tsit. Gumin da zai karyo masa, wanda bai taɓa tsayawa gaban allo ba ba zai gane ba. Sabo da haka sai ya gudu ya fake inda ya fi ƙarfi. Ya ajiye littafin tiyata, ya koma kan rabe-raben kalma da alamomin rubutu, abin da yaran suka sha tun firamare. Shi ya tsira da mutuncinsa, su kuma sun tafi hannu wofi.

Na biyun shi ne ba mu yafe ba, watau raini. Akwai malamin da ba tsoro ya ke ji ba, gani ya ke yi abin bai kai matsayinsa ba. Shi da ya karanta manyan marubuta, a ce ya zauna yana koya wa yara yadda a ke rubuta takardar odar siminti? Haba! Irin wannan malami yana ɗaukar adabi shi ne sarauta, Turancin aiki kuwa talakanci. Muna so mu tambaye shi, cikin ladabi, ɗalibansa ɗari nawa ne za su ci abinci da sharhin waƙa? Ba mu ce a bar adabi ba. Mu ma mun ji daɗinsa, kuma yana buɗe kai. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a nan idon da a ke tsonewa ba na malamin ba ne, na majinyacin da aka ba magani ba daidai ba ne.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce, rainin nan ba malamin kaɗai ya ƙirƙiro shi ba, daga sama ya gan shi. Tun farkon shekarun 1960 Jami'ar Nsukka ta fara tsarin da ko wane ɗalibi, ko me ya zo karantawa, sai ya ɗauki darasin Turanci. Yau kusan ko wace jami'a a Nijeriya haka ta ke yi a shekarar farko, kuma hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ba ta ɗauke wa kowa takardar Turanci. Niyyar kyakkyawa ce. Amma je ka ga yadda a ke yinsa. Sau da yawa ɗaruruwan yara a ke tarawa cikin zaure guda, mai karatun likita da mai karatun shari'a da mai karatun noma, a karanta musu abu iri ɗaya, rabinsu ma ba sa jin muryar malam. Wa a ke ba aikin? Galibi sabon ɗauka, ko wanda ya zo aikin wucin gadi. Manya suna can suna koyar da 'yan sashensu. Ranar ƙarin girma kuwa, takardun da ka buga a mujallu a ke ƙirgawa. Wanda ya kashe hutunsa yana tattara takardun gona don ya shirya wa ɗaliban noma darasi, ba lalle a rubuta masa komi ba. Ko a ƙasashen waje sunan da a kan ba irin wannan sashe shi ne sashen hidima, kamar mai kai wa manya ruwan wanke hannu. In gida ya ce aiki na bara ne, wane ɗa zai yi rububinsa?

Malaman sana'ar ma suna da nasu kason. Malamin injiniya ya karɓi rahoton ɗalibi, Turancin ya karye ta ko'ina, sai ya duba lambobi kaɗai ya ba da maki, ya ce harshe ba ruwansa, a je wurin 'yan Turanci. Malamin Turanci ya ce injiniyanci ba ruwansa. Jifa ta wuce ta kan kowa, ta faɗa kan yaro. Wane yaro kuwa? Ɗan mai hali ba ya jin ta sosai. A gidansu akwai likita ko lauya, tun yana ƙarami ya ke jin bakin sana'ar a kan tabarmar cin abinci, in ya rasa kuma a biya masa darasi na musamman. Ɗan manomi da ya zo daga ƙauye, wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, ba shi da kowa sai malamin nan. In malamin ya ja da baya, shi ke nan.

Ga misali a gabanmu. 'Yan'uwanmu mata masu aikin jinya da ke neman aiki a Ingila sai sun nuna shaidar Turanci. Ɗaya daga cikin jarrabawar da a ke karɓa ita ce OET, wadda aka ƙago a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1980 don ma'aikatan lafiya, hukumar jinya ta Ingila kuma ta soma karɓarta a 2017. A cikinta ba a tambayarka ka rubuta labarin ranar da ba za ka manta ba. Takardun majinyaci a ke ba ka, a ce ka rubuta wasiƙar miƙa shi ga wani ma'aikacin lafiya, sa'an nan a sa wani ya zama majinyaci ka yi masa bayani. Maganar ko ya kamata su tafi su bar asibitocinmu, wannan ta wata rana ce. Abin lura shi ne, aikin da su ke yi kullum a nan gida shi a ke gwada su a kai, amma da yawa sai sun biya kuɗi a waje kafin su koyi rubuta shi yadda a ke so.

Kada mu ci zalin masu ja da baya, suna da hujjar da ta isa a saurara. Wata malama a Amurka, Ruth Spack, ta rubuta a 1988 cewa malamin Turanci ya tsaya kan koyar da rubutu na gaba ɗaya, ya bar wa masu fanni su koyar da rubutun fanninsu, domin shi bai san shi ba, kada ya koyar da kuskure. Malamanmu kuma su kan ce, yaron da bai iya haɗa jimla ba, ina shi ina Turancin tiyata? A gina tushe tukuna. Akwai gaskiya a nan. Mun taɓa jin malamin da ya ɗauki abin da zafi har ya shiga bayanin yadda zuciya ke aiki, yana kwaɓawa, yara suna ƙunshe dariya. Wannan karambani ne, ba shi mu ke nema ba. Amma a 2002 Ken Hyland ya mayar da amsa, ya nuna fannoni sun sha bamban a yadda su ke rubutu ƙwarai da gaske, kuma masu fannin ba su cika samun lokaci ko ƙwarewar koyar da harshe ba. Mu a namu ganin, jiran tushe ya kammala jiran gawon shanu ne. Yaron ya yi shekara goma sha biyu ana gina masa tushe. In har yanzu bai ginu ba, sake zuba masa irin kayan da ya gaji da su ba zai gina shi ba. Ba shi jimlar da ya san zai bukace ta a ɗakin majinyata, ka ga yadda zai buɗe kunne.

Abin da ya kamata malami ya gane shi ne, ba a ce ya zama likita ba. Hutchinson da Waters abin da suka nema gare shi kaɗan ne: ya so abin, ya san ginshiƙansa, ya kuma gane ya riga ya san fiye da yadda ya ke zato. Ai ka taɓa kwanciya asibiti, ka taɓa sa hannu a takardar haya, ka taɓa kai babur wurin makanike. Sauran kuwa tambaya ce, kuma matambayi ba ya ɓata. Rashin sanin malam ma kayan aiki ne in ya iya riƙe shi. Ya ce wa ɗalibar jinya, "Ni ne majinyaci, ban san komi ba, yi mini bayani da Turanci yadda zan sha maganin nan." In bai gane ba, to, bayanin bai yi ba, ta sake. In ta gama ya ce, "To, yanzu faɗa wa kakarki da Hausa." A nan malaminmu ya fi Baturen da aka ɗauko daga Ingila, gama yawancin waɗanda za ta yi wa jinya a ƙasar nan ba Turanci za su yi mata ba. Takarda da Turanci, majinyaci da Hausa, ita ce gadar, kuma ba wanda ya fi malamin harshe cancantar gina ta.

An gwada wata hanya a Jami'ar Birmingham a ƙarshen shekarun 1970, muna ganin ta fi duka dacewa da mu, don ba ta cin kuɗi. Malaman Turanci biyu, Tim Johns da Tony Dudley-Evans, suna da ɗalibai baƙi masu karatun sufuri da masu karatun ilmin tsirrai. Sai malamin Turanci ya ɗauki muryar laccar malamin fanni a rikoda, ya saurara, ya shirya tambayoyi a kanta. Sa'an nan su uku su haɗu a aji guda, ɗalibai da malamin fanni da malamin harshe. In aka zo kan gaskiyar ilmin, mai fanni ya yanke. In aka zo kan inda harshe ya sa yaro ya ɓata, mai harshe ya warware. Ba wanda ya ji kunya, kuma malamin fannin kansa ya gano inda maganarsa ke wuce kan yara. Sun buga labarin gwajin a 1980. Ita ma ICAO haka ta ba da shawara wajen gwada matuƙa, a haɗa masanin harshe da masanin aikin jirgi. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da gwajin Birmingham. Rikodar da suka yi ta ɗauka, yau tana cikin aljihun ko wane malami a zauren nan, a jikin wayarsa.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo. Masu riƙe da jami'o'i da kwalejojin fasaha da makarantun jinya su daina tara ɗan shari'a da ɗan noma a zaure guda, su raba su ko da gida uku ne ko huɗu. Su kuma matsar da wani sashe na darasin zuwa shekara ta uku ko ta ƙarshe, lokacin da yaro ya fara rubuta rahoto na gaske, gama a shekarar farko bai ma san abin da zai bukata ba. Wanda ya shirya darasin Turanci don wata sana'a a ƙirga masa shi ranar ƙarin girma kamar yadda a ke ƙirga takardar mujalla. Kwalejojin horon malamai su sa wannan fanni cikin karatunsu da gaske, su tura mai koyo ya yi ko mako biyu ne a asibiti ko kotu ko wurin gyaran inji, yana saurare yana rubutawa. Wannan duka na hukuma ne, kuma mun san hukuma ba ta da sauri.

Naku kuwa, malamai, ba ya jiran kowa. Ofishin malamin kimiyya ba ya fi taku hamsin daga naku. Ku shiga ku gaisa, ku roƙi rahoton ɗalibi biyu, mai kyau ɗaya maras kyau ɗaya, ku ce ya nuna muku abin da ya raba su. Mu ma a ofishinmu muna da tsofaffin rahotannin taro da wasiƙun da ba su da wani asiri, duk malamin da ya ke so ya zo mu ba shi, har da namu na shafi huɗu da jan biron, don mun ajiye shi.

Shugaba, mun ga ka duba agogo sau biyu. Akwai wata malama daga makarantar jinya can baya da ta ɗaga hannu tun muna zancen allura, da izninka a ba ta wuri ta yi magana.